Tulunan Inna Fasuma

Shafi na 27

Da sunan Allah mai rahama. Masu cika min salula da saƙo tun shekaranjiya, wai na bar Zuliha da tsohuwa bisa hanyar Maraɗi na yi tafiyata, ku yi min afuwa, ɗiyata ce zazzaɓi ya kwantar. Ta samu sauƙi. Mai saurin hawaye ta ajiye gefen mayafinta kusa.

*

Hantsi ya ɗaga kafin Zuliha ta gama jera kaya a rumfarsu.

Filin baje kolin ya cika maƙil. Ga dukawa da jakunkunan fata, ga masu tabarmi daga Madarumfa, ga maƙeran Tasawa, ga layin magina tukwane na Jiratawa an ja musu rumfar bash shuɗi saboda rana. Lasifika sai kiran sunayen garuruwa take.

Mahaifiyarta Inna Fasuma na zaune bisa tabarma a bayan tabur, sandarta kan cinya. Tun da idanunta suka mutu ba ta sake taka kasuwa ba sai yau. Masu shirya taron ne suka aika har gida, suka ce bana za a karrama ta a gaban jama'a, don duk jihar babu tulun da ake rububi kamar nata.

Ba irin dabarar da Zuliha ba ta yi ba don ta hana ta zuwa. Ta ce rana, ta ce turmutsitsi, ta ce ciwon ƙafa. Tsohuwa ta kafe.

Abin da Zuliha ke tsoro ɗaya ne. Duk tuluna da randunan da ke jere a gabansu, babu ko guda da ya fito daga hannun Inna.

"Zuliha."

"Na'am Inna."

"Kin sa babbar randar nan a gaba? Wadda na gama ranar Talata?"

"Na sa, Inna."

"To kawo in shafa ta."



"Inna an ɗaure ta da igiya, kada mutane su ture. Bari dai a rage."

Ba ta rufe baki ba sai ga ƙamshin turare ya cika rumfar. Hajiya Salima ce, matar wani babban ɗan kasuwa a unguwar Zariya, wadda duk shekara ba ta wuce rumfarsu.

"A'a! Yau maginiya da kanta? Inna ina kwana, ina gajiya?"

"Lahiya lau ɗiyata. Wa ke magana?"

"Salima ce ta Zariya. Shekara da shekaru ruwan tulunki nike sha, ko firijin gidana ban kula shi. Aure zan yi wa ɗiyata, na ce sai na kai mata naki."

Ta sunkuya ta ɗauki wani jan tulu mai dogon wuya.

Zuliha ta miƙa hannu da sauri.

"Hajiya kawo in naɗe miki."

"Dakata mana. Tun da Allah Ya haɗa ni da mai shi, ita za ta sa mishi albarka."

Kafin Zuliha ta zagayo tabur, Hajiya ta ɗora tulun a cinyar Inna.

Tsohuwa ta yi murmushi. Ta ƙwanƙwasa cikinsa da bayan yatsa, ya yi ƙara tangaran. Ta shafa wuyan, ta lalubo alamarta, ɗan zanen farce da take yi a ƙarƙashin baki tun tana budurwa. Yana nan.

Sai ta zura hannu ciki.

Murmushin ya tafi.

Ta juya tulun. Ta sake zura hannu. Yatsunta na bin bangon ciki a hankali, suna komowa.

"Inna lahiya?" in ji Hajiya.

"Lahiya lau. Ɗauki, Hajiya. Tulun kirki ne, wadda ta gina shi ta san aiki. Allah Shi ba amarya zaman lahiya."

Hajiya ta yi dariya, a zatonta tsohuwa kanta take yabo. Ta biya, ta tafi.

Inna ta juyo wajen Zuliha.

"Miƙo min wani."

"Inna…"

"Na ce miƙo min wani."

Zuliha ta miƙa mata. Inna ta zura hannu, ta ajiye.

"Wani."

Ta karɓi kaskon turare. Ta karɓi tukunyar miya. Ta rarrafa da gwiwa har gaban babbar randar da aka ce an ɗaure da igiya. Babu igiya. Ta tura hannu har kafaɗa, ta daɗe a haka.

Da ta ɗago, muryarta can ƙasa.

"Zo ki zauna nan gabana."

Zuliha ta durƙusa.

"Wa ya gina kayan ga?"

"Ke mana Inna, ga alamarki…"

"Alama kowa na iya yi. Ni da hannun dama nike jan laka. Sawun yatsun da ke cikin tulunan ga hagu suka kwanta. Bahaguwa ta gina su."

Zuliha ta sunkuyar da kai.

"Duk Jiratawa maginiya ɗaya ce bahaguwa. Ni na koya mata. Na sha bugun hannun nan da kara don ta sauya, ta ƙi."

"Inna don Allah, mutane na kallo."

"Su kalla. Ni ban ganinsu. Yayarki ce?"

Hawaye suka zubo wa Zuliha.

Sunan Fadila ba a ambatonsa a gidansu. Ita ce ɗiyar fari. Shekarun baya, ana gab da bikinta, ta matsa wa ƙanensu Ilyasu ya shiga ramin yumɓu bayan ruwan sama, ya haƙo mata mai kyau na can ƙarƙashi, tana son ta gina randunan ɗakinta. Bangon ramin ya rufto mishi. Shi kaɗai ne namiji a gidan. Ranar da aka kai shi makwancinsa, Inna ta nuna Fadila a gaban mata ta ce kada Allah Ya sake nuna wa idonta fuskarta. Aka ɗaura auren ba kiɗa, dangin uba suka kai ta Tibiri gidan mijinta, Maman Lawali. Damina biyu bayan nan, idanun Inna suka rufe.

"Ina tambayarki. Yayarki ce?"

"Ita ce, Inna."

Inna ta gyaɗa kai a hankali.

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar da idonki ya tafi."

"To nawa fa? Kullum ina zaune tsakar gida ina gini. Kullum kina kwashewa ki kai wurin gashi, ki dawo ki ce min Inna duk sun fito lahiya. Ina suke?"

"Inna ki bari sai mun koma gida."

"Nan za ki gaya min."

Zuliha ta share fuska da gefen hijabi.

"Fashewa suke a wuta."

"Duka?"

"Hannunki na rawa yanzu, Inna. Gefe guda shi yi kauri, gefe guda kamar ganye. Da wuta ta kama sai in ji suna tashi. Wanda ya tsira kuma, in an zuba ruwa sai shi tsiyaye."

"Duka, Zuliha?"

"Duka."

Inna ta ɗaga hannayenta biyu gaban fuskarta kamar mai son ta gan su. Suna karkarwa. Ta mayar da su cikin zane.

"Ashe wasan ƙasa nike, irin na yara. Kuna ta yi min sannu da aiki."

"Wallahi ba haka ba ne."

"Maƙwabta sun sani?"

Inna ta ƙara tambaya.

"Matan layin ga, da muka tashi tare da su, sun sani?"

"Sun sani, Inna. Ba wadda ta taɓa yin dariya. Su ke taya ni ɗaukar kaya."

"Gari guda ya haɗu a kaina."

"Tsoro muka ji. Bayan Ilyasu, bayan idonki, ginin nan kaɗai ke tashe ki da safe. Na ce in kika san ba ya fita, kwanciya za ki yi ki bar mu."

"Ke kika je kika roƙe ta?"

"A'a. Ita ta aiko kirana. Labari ya kai mata cewa na je kasuwa da tukwane huɗu duk tsagaggu, ana ta taya su kamar abin banza. Na iske ta tana kuka. Ta ce sunanki ba zai faɗi a kasuwa ba tana da rai."

Inna ta juya fuska gefe.

"So take ta wanke laifinta kenan, da yumɓu. Tana zaton tulu zai biya min ɗana?"

"Ba ta taɓa cewa haka ba."

"Abincin da nike ci fa? Maganin ɗigon ido? Zanen da ke jikina?"

"Duk daga tulunan ga ne. Ko dala ba ta ɗauka."

Inna ta kama bakin zanen kamar za ta yage shi.

"Kin ciyar da ni da hannun da ya tura Ilyasu rami."

"Inna!"

Zuliha ba ta san lokacin da muryarta ta tashi ba. Matar rumfar kusa ta leƙo, ta koma.

"Ki gafarce ni, amma yau sai na faɗa. Ke kika rasa ɗa, mu ma mun rasa ɗan'uwa. Yaya ita ce ta tone shi da hannunta, farcenta duk suka cire. Ba wanda ya ce mata sannu. Rana ɗaya ta rasa ƙane ta rasa uwa. Ta yi ɓari har sau biyu a Tibiri, ba ki sani ba. Duk sallah tana zuwa Jiratawa, ta tsaya bayan dangarmu tana jin muryarki, ta koma ba ta shigo ba."

"Ƙarya kike."

"Sallar layya da ta wuce, da kika ce kina jin motsi bayan danga, na ce miki akuya ce."

Zuliha ta ci gaba.

"Kuma tukwanenki da kike cewa wasan ƙasa, ko tsingaro ɗaya ban zubar ba."

"Ina kika kai su?"

"Tibiri. Ita ta ce in riƙa tattaro mata a buhu. Tana daka su a turmi su yi gari, ta cuɗa da yumɓunta. Ta ce tun da ana cewa tulun Inna Fasuma, to lalle a samu hannun Inna a ciki, kada ta ci haram da sunanki."

Inna ta miƙa hannu ƙasa.

Ta lalubo ƙaramin tulun da ke kusa da ƙafarta, ta ɗora a cinya. Ta shafa shi tun daga baki har gindi. Sai ta rungume shi a ƙirji, ta kifa goshi a kansa.

Kukan bai fito da ƙara ba. Kafaɗunta ne kawai ke girgiza. Idanun da ba su gani suna zubar da ruwa, jan tulun na shanyewa.

Zuliha ta riƙe ƙafarta tana kuka ita ma.

"Na yi mata baki, Zuliha."

"Zafin rai ne, Inna."

"Na ce kada idona shi sake ganinta. Allah Ya amsa min. Kullum in na farka cikin duhun nan sai na tuna, amma girman kai ya hana ni in ce a kira ta. Ina jira ta shigo da kanta, in yi mata faɗa, in haƙura."

"Ita kuma tana jira ki kira."

"Yarinya ce fa lokacin. Ɗakinta take son gyarawa kamar kowace amarya. Ni ma na sha aika shi ramin nan bayan ruwa. Na sha."

Ta ɗago kai.

"Tana nan filin? Kin ɓoye ta cikin mutane?"

"Ta so zuwa. Ta ce za ta tsaya nesa ta ga an karrama ki. Amma cikinta ya tsufa, Inna, watanta ne. Ƙafafunta duk sun kumbura."

"Da tsohon ciki ta gina randar ga?"

"Na hana ta. Maman Lawali ma ya hana ta. Likita ta ce jininta ya hau, ta kwanta ta huta. Ta ce sai ta gama kayan baje koli tukuna. Ranar da na je ɗauka, a tsaye take taka laka, tana dafe da bango."

"Kira min ita."

Zuliha ta zaro salula daga jaka. Sai lokacin ta ga kiran Maman Lawali jere a fuskar wayar, tun da sassafe. Hayaniyar lodin kaya da kiɗan fili sun hana ta ji.

Ta kira shi. Wayar ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba.

Ta kira lambar Fadila. A kashe.

"Mi ya faru?"

"Ba su ɗauka, Inna. Wataƙila ba rezo, layin bai shiga."

Inna ta dafa sanda ta miƙe, tulun na hammatarta.

"Kai ni Tibiri."

"Yanzu? Inna saura kaɗan a kira ki."

"Wa za su karrama? Wadda ta yi aikin na can kwance. Kai ni."

"Kayan fa?"

"Bar su."

Zuliha ta roƙi matar rumfar kusa ta duba musu kaya, ta kama hannun Inna. Suna ratsa mutane, suna gab da ƙofar fita, lasifika ta ɗauka:

"Inna Fasuma ta Jiratawa, uwar magina! A taimaka mata ta matso gaba!"

Tafi ya tashi a bayansu. Inna ko waiwaye ba ta yi ba.

A bakin titi 'yan kabu-kabu suka yo kansu. Zuliha ta tsayar da adaidaita, ta ce Tibiri, shata, ko nawa ne.

Suna tafe iska na kaɗa mayafin Inna. Ta riƙe tulun da hannu biyu, duk ramin da suka faɗa sai ta ƙara ƙanƙame shi.

"Zuliha."

"Na'am."

"Ta yi ƙiba ko ta rame?"

"Ta rame. Amma kamarku ta ƙara fitowa."

"Har yanzu tana cije leɓe in tana jan wuyan tulu?"

"Har yanzu."

Inna ta yi ɗan murmushi cikin hawaye.

"In mun isa, kada ki yi sallama da sunana. Ki kai ni har bakin gadonta, ki ɗora hannuna bisa fuskarta. Ido ne na yi wa rantsuwa, ban yi wa hannu ba."

"To Inna."

"Su wa ke gidan?"

"Ita da mijinta, sai tsohuwarshi. Ita ma tana kwance tun azumi, ba ta ko tashi."

Can Inna ta ce, a hankali kamar mai gwada kalmar a baki:

"Fadila."

Zuliha ta juyo ta dube ta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Da kunyar ɗiyar fari ce ta hana, daga baya fushi ya karɓa.

"Fadilata," Inna ta sake cewa.

Suka shiga Tibiri rana na tsaka. Zuliha na nuna wa mai adaidaita hanya, ya bi ta bayan kasuwa, ya karya kwana zuwa lungun su Maman Lawali.

Sai ya rage gudu da kansa. Ya kashe rediyo.

Zuliha ta leƙa.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, ƙarƙashin itacen dogon yaro. Maza na zazzaune, kawuna a ƙasa. Butoci jere a gindin bango. Mata na shiga da sauri, mayafi rufe da baki.

Zuliha ta bi su da kallo. Ta kama kanta tana wani fata a zuci game da tsohuwar da ke kwance tun azumi, ta yi saurin yin istigfari.

"Don mi muka tsaya?" in ji Inna. "Mun iso?"

"Mun iso."

"To mi ya sa muryarki ta sauya?"

Zuliha ta riƙe hannunta. Ta sauko da ita.

Inna ta karkata kai tana saurare.

"Ina jin mutane da yawa, amma ba mai magana."

Daga can cikin gida kukan jariri ya tashi, siriri, sabo.

Fuskar Inna ta washe.

"Ta sauka! Zuliha kin ji? Ta sauka! 'Yan barka ne!"

Ta fizge hannunta, ta nufi inda kukan ke fitowa, sanda na dukan ƙasa a gabanta. Mazan suka soma janye ƙafafu suna ba ta hanya. Ba wanda ya ce barka.

Maman Lawali ya taso daga cikinsu, rigarsa a yamutse, idanunsa jajur. Ya ga Zuliha, ya ga tsohuwar da bai taɓa zaton zai gani a ƙofarsa ba. 

A bakin zaure sandar Inna ta bugi wani abu.

Ta tsaya.

Ta miƙa hannu ta laluba. Itace ne dogo, an jingina shi da bango. Ta bi shi da tafin hannu, ta samu wani a gefensa, ta samu sandunan da aka gicciya a tsakani, da tabarma naɗe a kai.

Makara.

"Maman Lawali," ta ce, ba ta cire hannunta daga kai ba. "Kana nan?"

Ya durƙusa a gabanta.

"Ga ni, Inna."

"Wa za a ɗauka?"